Shafi Bakwai da Gonar Tozai

Illela,
12 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga ɗiyata Ruƙayyatu Isma'ila, a Kaduna.

Shekara goma ke nan bankinku yana gutsurar kuɗina, shekara huɗu kuma rabon da in ga rubutunki, tun rasuwar babanki. Na haɗa su a layi ɗaya don in huta da su tun farko. Yanzu sai gaisuwa.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Innarku Shafa'atu ta samu sauƙi bayan aikin ido da aka yi mata bara, tana gane mutum in ya matso kusa. Ni kuma gwiwa ce. Ita ma ta yi ritaya kamar mai ita.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Lawwali direba. Na sayar da wayar. Ko da tana nan, ba zan tsaya a rumfar caji ina faɗin asirina da ƙarfi ba, rabin kasuwa na saurare.

Ga maganar. Fanshona ya tsaya wata bakwai. Bara, da za a yi wa innarku aiki, na jinginar da gonar Tozai ga Alhaji Yari a kan naira dubu ɗari da hamsin. Kin san gonar, ta kakanmu ce ni da babanki, can kika ci ɗanyar gyaɗa har cikinki ya ɓaci. Yarin nan ɗalibina ne a aji huɗu. Sau uku ina koya masa rabawa bai iya ba, yau ga shi da tirela biyu. Sharaɗin shi ne, in ruwan shuka na bana ya sauka ban biya ba, zai cika mini dubu ɗari biyu da hamsin, gona ta zama tasa. Ni na rubuta yarjejeniyar da hannuna, ni kuma na sa wannan sharaɗi, don kada wani ya ce hedimasta ya je neman alfarma wurin yaronsa.

Makon jiya na je reshenku na nan na ce a buga mini bayanin asusuna tun daga 2014. Shafi ɗari da sittin, kowane shafi naira ashirin. Wato sai na biya kafin a nuna mini yadda aka yi mini sata. Na zauna kwana biyar da jan biro kamar ina duba jarrabawa. Kuɗin kula da asusu, kuɗin saƙon waya, kuɗin kati, hamsin-hamsin ɗin da ake cirewa in kuɗi ya shigo, sannan haraji a kan su kansu kuɗaɗen. Jimla naira dubu ɗari da saba'in da ɗaya da ɗari uku. Gonata ke nan, har da canji.

Za ki ce ina ɗan fansho ya samu irin wannan shige da fice. Kin manta garinku. Kafin masu na'urar cire kuɗi su cika bakin tasha, wadda ɗanta ke Legas, da wanda ya kai shanu Kudu, da 'yan albasar Ƙonni ta Nijar da ba su da asusun naira, duk lambar asusuna suke bayarwa, saboda ni ne mai ilimin unguwa. Kuɗi ya shigo, in je in ciro, in miƙa wa mai shi cif. Ban taɓa rage sisi ba, ba a rage amana. Ashe duk shigowa da fita akwai abin da kuke lasa, kuma a nawa kuke lasa.

Na ji an ce ana iya neman a mayar wa mutum irin wannan kuɗi. Ke ce a ciki. Ni na cika miki fom ɗin jami'a a zaurena, ban san wurin ɓarayi masu kwat nake tura ki ba. Gaya mini ƙofar da ake bi. Ban roƙe ki komai ba ban da wannan.

Baffanki,
Idi Sharafaddeen.


Kaduna,
26 ga Fabrairu, 2024.

Baffa,

Wa alaikumus salam. Na karɓi faɗan da hannu biyu, na cancanta. Mun ji daɗin labarin idon Inna, a gaishe ta. Yara lafiya, Abdulmalik ya shiga aji ɗaya, rubutunsa kamar tafiyar kaza, da kana kusa da ka gyara shi.

Na duba abin da ka lissafa. Hamsin-hamsin ɗin nan ba na banki ba ne, na gwamnati ne, ba ya dawowa. Babban ramin wani ne. Ka tuna ranar da ka buɗe asusun aka tambaye ka wane iri, ka ce mai littafin cak? Wannan na 'yan kasuwa ne, Baffa. Duk dubu ɗaya da ta fita ana cire naira ɗaya. Da na ajiya ka buɗe, da ba a taɓa ka ta nan ba. Na san littafin cak ɗin yana nan cikin akwatinka, ko shafi biyar ba ka yaga ba.

Amma akwai ƙofa. Bankinmu na da wani sassauci ga 'yan fanshon da suka shiga matsi. Ga fom ɗin na haɗo, shafi ɗaya ne. Ka cika, ka haɗa da rasit ɗin asibitin Inna da 'yar takarda daga mai unguwa cewa fanshonka ya tsaya kuma kana cikin ƙunci. Sukan amsa cikin kwana talatin na aiki. In Allah ya yarda za a mayar da wajen dubu ɗari, ni kuma ina da adashe da zan ɗauka ƙarshen Afrilu, sai in cika sauran. Gonar ai ta kakanmu ce duka.

Abu ɗaya nake roƙo, don Allah. Kada ka rubuta musu komai game da kuɗin mutane, musamman na Ƙonni. Ko kalma ɗaya. Bar mini wannan, akwai wadda na sani a ofishin ƙorafi, zan yi mata bayani baki da baki yadda za ta gane. Ka cika fom kawai.

Ɗiyarka,
Ruƙayyatu.


Illela,
15 ga Afrilu, 2024.

Ruƙayyatu,

Barka da Sallah. Mun sha ruwa lafiya, da abin da ya samu. Innarku ta gode da atamfar da kika aiko. Na bar azumi ya wuce kafin in ba ki amsa, don kada in rubuta abin da zai rage mini lada.

Na karanta takardarki sau uku, kowane karo a layi ɗaya nake tsayawa. In ɓoye kuɗin mutane. Ko kalma ɗaya. Shekara goma ina riƙe wa gari dukiya, ba wanda ya taɓa cewa kwabonsa ya ɓata, yau ɗiyar ɗan'uwana ce ke cewa in rufe bakina kamar wanda ya shigo da shinkafa ta bayan gari. In kunyar baffanki kike ji a gaban abokan aikinki, ki faɗa fili. Abu ɗaya da ya rage mini a garin nan shi kika ce in binne.

Fom ɗinku na gani. Akwai akwati da aka ce in yi maki a ciki, wai na yarda ina cikin ƙunci. Sannan in kai wa Sufyanu mai unguwa ya sa hannu. Sufyanu, wanda duk takardar da ta shiga hannunsa sai ya karanta wa majalisarsa da ƙarfi, yana tuntuɓe a kowace kalma, ana raba goro. Kafin la'asar mai sayar da kifi ma zai san hedimasta ya rubuta cewa shi matsiyaci ne. Na ninke fom ɗin na sa ƙarƙashin ƙafar tebur, dama tana rawa. Maganar adashenki kuma ki riƙe. Hakkina nake nema, ba sadaka ba.

Abin da na yi shi ne abin da mai ilimi ke yi. Ranar 4 ga Maris na rubuta wa bankinku shafi bakwai, da Turancin da aka koya mana a kwalejin horon malamai, ba irin na manajanku ba. Na faɗa musu cewa naira miliyan casa'in da huɗu sun ratsa hannuna. Na jera sunayen masu kuɗin ɗaya bayan ɗaya daga littafina, na Illela da na Amarawa da na Ƙonni, har waɗanda suke karɓar naira su canja sefa a bakin iyaka. Na ce ga mutumin da kuka ci kuɗinsa, ku duba ku ji kunya.

Manajan yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba, agogonsa ya fi hannunsa girma. Ya juya takardun ya ce, "Baba, wannan ai littafi ne."

Na ce, "Shi ya sa na kawo wa wanda aka ce ya yi makaranta."

Ya yi dariya, ya fara karantawa. A shafi na uku dariyar ta tsaya. Ya ɗago ya ce, "Baba, duk wannan kai ka rubuta? Ka sa hannu?" Na ce na sa, kuma in yana son a ƙara hatimi ina da shi. Ya ce zai tura hedikwata a ranar. Kin ga bambanci. Fom ɗinki da ya kwana a aljihun tebur, takardata kuwa har ya miƙe tsaye da zan fita.

An fara zafi sosai. Yari ya aiko a tambayi lafiyata. Ban san yana da tausayi haka ba sai da damina ta matso.

Idi.


Kaduna,
7 ga Mayu, 2024.

Baffa,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya. Jiya takardarka ta iso. Motar Lawwali ta lalace a hanya, takardar ta kwana ashirin cikin aljihun gaban mota.

Wallahi ba kunyarka nake ji ba. Da kai nake alfahari a ofis, kowa ya san labarin baffana da ke riƙe wa gari kuɗi. Amma waɗanda ke hedikwata ba su san Illela ba. Abin da suka gani shi ne ɗan fansho a bakin iyaka, miliyan casa'in da huɗu, sunayen mutanen wata ƙasa, da sa hannunsa a ƙasa. Manajan ba don girmamawa ya miƙe ba, tsoro ya ji. Na duba yau da safe, tun 22 ga Afrilu aka ɗaure asusunka don bincike. Kuɗi na shiga, ba ya fita.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Da na ji shiru wata biyu, na ɗauka fushi kake, na san kuma ba za ka karɓa daga hannuna ba. Ranar 30 ga Afrilu na ɗauki adashena, na ranto dubu hamsin, na tura maka dubu ɗari da hamsin cif, don ka tarar da shi kawai. Yana ciki yanzu. Ba ni da ikon jawo shi, kuma an hana ma'aikaci taɓa maganar ɗan'uwansa. Ba ni da wani sai ƙarshen Yuni.

Za su nemi masu kuɗin su sa hannu cewa nasu ne. Ka bi su, Baffa, duk wanda ka samu. Ka ciro fom ɗin daga ƙarƙashin tebur. Ka je wurin Alhaji Yari ka nuna masa takardar nan, ya ga kuɗinsa na nan. Ka yi mini faɗa daga baya yadda kake so.

Ruƙayyatu.


Illela,
27 ga Mayu, 2024.

Ruƙayyatu,

Muna lafiya. Innarku ta ce kada in yi miki faɗa. Ba ni da ƙarfinsa ma.

Na riga takardarki sanin labari. Usama ɗan Ummu Kulthum ya turo wa uwarsa dubu ashirin daga Legas. Ita kaɗai ta rage tana amfani da lambata. Na je cirowa, yarinyar kan kanta ta dubi na'ura, ta dube ni, ta kira wani, shi ma ya dube ni. Na sayar da akuyar innarku na kai wa tsohuwa kuɗinta cif, ban ce mata komai ba.

A bankin sun ba ni takarda mai layi-layi, kowane mai kuɗi ya sa hannu ya haɗa da katin shaida. Mutum sittin da uku. Tara sun rasu. Na tsallaka Ƙonni da gwiwar nan. Mutanen da suka sha shayi a zaurena shekara da shekaru, da suka ji kalmar bincike sai kowa ya tuna yana da uzuri. Ɗaya ya ce bai iya sa hannu ba, shi da ke sa hannu a takardar kwastan kowane mako. Ɗaya ya cusa mini jaka biyar ta sefa a aljihu ya ce in sha ruwa a hanya. Na ajiye masa a kan buhun albasarsa.

Na ce bari in fara da mai sauƙi, na je wa Ummu Kulthum da tawadar dangwale. Na yi mata bayani a hankali, cewa banki na cire wani abu duk sanda kuɗi ya shigo, ina so ta shaida kuɗin nata ne. Sai ta ce, "Malam, ashe bashi kaka bi na? Mi ya hana ka faɗi tun tuni?"

Na ce, "Ba haka ba ne, Hajiya."

"A'a, faɗi gaskiya, nawa na? Ni ba ni mutuwa da hakkin malami." Ta fara kwance bakin zanenta. Naira ɗari bakwai ne a ciki, duk sun nannaɗe. Ta miƙo da hannu biyu, jikokinta na kallo. Ban san yadda na fita gidan ba, tawadar ma can na bar ta.

Kafin kwana biyu labari ya zagaya cewa hedimasta na bin mutane kuɗin aikin shekara goma. Ita kuma ta koma wurin mai na'ura na bakin tasha, wanda ke cire ɗari biyu a kowace dubu goma a gaban idonta, tana sa masa albarka. Waɗannan su ne mutanen da na yi wa aiki.

Tunda abin da nake ɓoyewa ya riga ya fita, na ciro fom ɗinki na yi maki a akwatin. Sufyanu ya karanta wa majalisa kamar yadda na faɗa miki. A kalmar ƙunci ma sai da ya tsaya ya maimaita.

Na je wurin Yari da takardarki. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya sa aka kawo lemo. Ya ce, "Malam, ni ban iya karatu sosai ba, kai ka sani. Abin da ka rubuta da hannunka shi nika bi. In na canza, ai na raina rubutunka." Shekara arba'in yaron nan bai ba ni amsa daidai ba sai ranar.

Manaja ya ce amsa sai kwana talatin na aiki, ban da Asabar da Lahadi da hutu. Na tambaye shi ko hadari ma na hutun Asabar. Jiya gabas ta yi duhu, aka yi iska, bai sauka ba.

Idi.


Illela,
24 ga Yuni, 2024.

Ɗiyata Ruƙayyatu,

Barka da Babbar Sallah. Ba mu yi layya ba bana, makwabta sun aiko da nama. Innarku lafiya. Na ga takardunki biyu, ban amsa ba don ba abin da zan ce a lokacin.

Ruwa ya sauka ranar Asabar 8 ga wata, bayan la'asar. Ruwa sosai, ba wanda za a yi gardama a kansa. Ina zaure ina ji yara na ihu a waje, innarku ta fito da bokitai tana murna, sai ta dube ni ta mayar da su ciki.

Washegari Yari ya zo da shaidun nan biyu da suka sa hannu bara. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce, "Malam, cikon dubu ɗari biyu da hamsin, in turo maka a akawun?" Ɗaya daga cikin shaidun ya juya fuska. Na ce ya kawo a hannu. Ya ƙirga, na ƙirga, daidai. Ya iya lissafi yanzu.

Ranar 20 ga wata aka sake asusun. Binciken ya gano cewa ni ba ɓarawo ba ne, abin da kowace akuya a Illela ta sani kyauta. Suka ba ni takarda mai sakin layi biyu, da kuskuren Turanci uku, na ja musu layi. Ta ce ba za a ɗauke ni mai ƙunci ba, tunda bisa bayanin da na bayar da kaina asusun na hada-hadar kasuwanci ne. Amma don nuna karamci sun mayar mini da kuɗin saƙon waya na shekara biyu, naira dubu tara da ɗari takwas da arba'in. Wayar da na sayar.

Na ciro kuɗinki duka, na ce a rufe asusun. Na ajiye musu littafin cak ɗinsu a kan kanta. Shafi huɗu na yaga cikin shekara goma, kin yi kusa.

Dubu ɗari da hamsin ɗinki na hannun Lawwali cikin wannan ambulan, ki ƙirga a gabansa. Cif suke, abin da aka cire wajen fitarwa na cika daga nawa. Ki biya dubu hamsin ɗin da kika ranto. Layin nan naki da na tsaya a kai sau uku, na sake karantawa. Daidai kika rubuta shi. Na shekara talatin da biyar ina rage wa yara maki don ba su karanta tambaya da kyau ba.

Kada ki sake turo komai, kuma kada ki ce za ki je wurin Yari. Na tambaya, ya ce ko miliyan biyu ba ya sayarwa.

Gonar Tozai ta tafi. Eka uku, da gawo huɗu, da tsamiyar da ke bakin hanya, da rijiyar da kakanmu ya haƙa. Yari ya shuka gero ranar Litinin ɗin da ta biyo ruwan, an ce ya tsira.

Baffanki,
Idi Sharafaddeen.